Hoton Masallacin Larabanga: Gyara Kayanka Ba Sauke Mu Raba Ba Ne

A wannan wata za mu nufi arewa da ku, can ƙasar Gwanja, inda kakanninmu fatake suka riƙa zuwa sarin goro da jakunansu. Sai dai ba a Salaga za mu sauka ba, inda ayarin Hausawa ya saba sauke kaya. Za mu karkata yamma ne zuwa wani ɗan ƙaramin gari da ake kira Larabanga, domin mu yi magana a kan masallacinsa da kuma yadda samarinmu suke ɗaukar hotonsa.

Garin yana da nisan kimanin kilomita 15 daga Damongo, wadda ta zama hedkwatar sabon Yankin Savannah a shekarar 2019. Wanda ya taso daga Tamale ko daga Kumasi yakan bar babbar hanya a mararrabar Fufulso, ya kama hanyar Sawla. Waɗanda suka bi hanyar nan kafin a shimfiɗa mata kwalta ba za su manta ba, mutum yakan sauka daga lori ja wur da ƙura kamar an tono shi daga rami. Tun wajen 2015 da aka gama aikinta, wannan ya zama labari. Yawancin baƙi kuwa giwaye ne suke kawo su, domin Larabanga ita ce ƙofar gandun dajin Mole, wanda ya fi kowane girma a Ghana, aka kuma mai da shi gandun ƙasa a 1971. Saboda haka masallaci yakan samu ragowar lokaci ne kawai: a tsaya minti ashirin a kan hanyar komawa, rana tana tsakiya, direba yana danna oda, kowa ya ɗaga waya ya danna, a wuce. Daga nan ne duk matsalar da za mu zayyana take farawa.

Kafin mu je ga hoto, bari mu gaya wa wanda bai taɓa zuwa ba abin da zai tarar. Ginin ƙasa ne, kuma ba shi da girma, kowane gefe bai fi kamar mita 8 ba. Yana da hasumiya biyu masu faɗin gindi da tsinin kai, ɗaya a bangon alƙibla inda liman yake tsayawa, ɗaya kuma ta kiran salla. Jikin bangon akwai ginshiƙan ƙasa masu ƙiba da suke tokare shi, kawunansu sun zarce rufi sun yi tsini, wanda ya san zankwayen gidajen Kano ko Zariya zai ga kamar 'yan uwa ne na nesa. Daga cikin bangon kuma sanduna ne suka leƙo waje jere da jere. Ba ado kaɗai ba ne, su ne tsanin magina ranar yaɓe. An shafe jikin da farar ƙasa, gindin bango kuma yana da duhu. Ƙofofinsa huɗu ne, akwai ta sarkin gari, da ta maza, da ta mata, da ta ladan, kuma gajeru ne ƙwarai, dogo sai ya sunkuya. A gefe ga wata tsohuwar kuka tsaye.

Mutanen garin, waɗanda Kamara ne, suna ba da labari cewa wani bafatake mai suna Ayuba ne ya kwana a wurin a shekarar 1421, ya yi mafarki an umarce shi da ya gina masallaci, da gari ya waye sai ya tarar da harsashin gini a shimfiɗe, shi kuma ya ƙarasa. Suna cewa a gindin kukar nan aka binne shi. Waɗansu masu binciken tarihi sun fi karkata ga ƙarni na 17, lokacin da mulkin Gwanja ya kafu sosai. Ko wanne aka ɗauka, salon ginin ya nuna hanyar da ya biyo, wato hanyar fataken Wangarawa da suka riƙa saukowa daga wajen Jenne ta ƙasar Mali suna neman zinariya da goro. Irinsa ne ake gani a Bole da Maluwe da Banda Nkwanta da Nakore kusa da Wa.

Akwai kuma abin da ya kamata kowane mai waya a hannu ya sani. A shekarun 1970 an yi wa masallacin yaɓe da siminti, da kyakkyawar niyya, ana zaton za a huta da gyaran shekara-shekara. Ashe bangon ƙasa numfashi yake yi. Da siminti ya rufe shi, sai danshi ya maƙale a ciki, gara ta samu gida ta cinye itatuwa, har wani sashe na ginin ya zube. A 2002 ƙungiyar World Monuments Fund ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya da suke cikin haɗari, sa'an nan hukumar kula da kayan tarihi ta Ghana da masanan ginin ƙasa na CRAterre daga Faransa suka haɗa hannu da maginan garin, aka ɓamɓare simintin, aka koma yaɓen ƙasa irin na da. Abin da muke so a fahimta shi ne, ginin ƙasa ba ya tsayawa da fuska ɗaya. Damina tana ci, magina suna mayarwa, hannun kowane magini kuma da irin nasa. Masallacin da ka gani bana ba shi ne daidai wanda jikanka zai gani ba. Don haka hoton da ka ɗauka shaida ce, ko ka nufa ko ba ka nufa ba.

To, wani tsohon ɗalibinmu, wanda yanzu yake koyon aikin wayar lantarki, ya je Mole da abokansa a hutun Kirsimeti, ya dawo da hoton masallacin. Ya kawo mana ya ce, "Malam, duk wanda na nuna wa sai ya ce ya yi kyau. Amma ni zuciyata ba ta kwanta ba, domin abin da na gani da idona ya fi wannan. Ku faɗa mini gaskiya, kada ku rufa mini." Ya kuma yarda mu yi maganar a wannan fili ba tare da ambaton sunansa ba, domin waɗansu su ƙaru.

Ga abin da ke cikin hoton. Masallaci yana tsakiya, fari fat, har ba ka iya rarrabe inda bango ya ƙare da inda sama ta fara. Hasumiyoyin sun karkata baya kamar za su kwanta. Abokinsa yana tsaye daidai bakin ƙofa ya rufe ta, fuskarsa baƙi ƙirin, idanu sun ɓace a inuwar goshi, ɗaya daga cikin sandunan bango kuma ta fito daidai saitin kunnensa kamar an soke shi da ita. Rabin kuka ya shigo ta gefen dama, rabi ya tsaya waje. A ƙasa daga hagu ga tayar babur. Daɗin daɗawa, yaron ya ƙara wa hoton launi da wayarsa, har ƙasar wurin ta koma ja kamar manja.

Idan mai karatu ya lissafa zai ga aibi shida ko bakwai, kuma malamin da bai san aikinsa ba zai zazzage su duka a kan yaro a zama ɗaya. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa jan biro ba takobi ba ne. Littafin da aka cika da ja daga sama har ƙasa, yaro ba ya karanta gyaran, rufewa yake yi ya tura ƙarƙashin tebur. Abin da ake nema shi ne kuskuren da ya haifi sauran, a kama shi, sauran su biyo baya a hankali. Kuma kafin a taɓa kuskure sai an faɗi abin da yaro ya yi daidai, ba don lallashi ba, sai don ya san abin da zai riƙe, kada ya zubar da shi tare da shara.

Abin da ya yi daidai kuwa babba ne: ya sa mutum a cikin hoton. Muka ce masa, "Ɗana, ka yi abin da masu manyan kyamarori da yawa ba su yi ba." Hotunan Larabanga da ake bugawa a kalanda da takardun talla sau da yawa babu kowa a ciki, an ɗauka daga ƙasa ana kallon sama, sai mutum ya zaci wani ƙasaitaccen gini ne irin Babban Masallacin Jenne. Ya zo ya tarar da ɗan masallacin ƙauye, ya ce an yaudare shi. Alhali kuwa kyan Larabanga yana cikin ƙanƙantarsa ne, da yadda dogon mutum yake sunkuyar da kai kafin ya shiga gaban Ubangijinsa. Mutum a gefen gini shi ne ma'auni. Yaron ya gane haka da kansa ba wanda ya koya masa. Gyaran da ya rage ɗan kaɗan ne: abokin ya matsa taku biyu gefe, ƙofa ta fito fili, a ga kansa ya zarce ta. Da ya matsa ɗin ma, da sandar nan ta rabu da kunnensa.

Uwar kurakuran kuwa ita ce lokaci. Mun tambaye shi ƙarfe nawa ya ɗauka, ya duba wayar ya ce sha biyu da minti arba'in. Shi ke nan, an gama magana. A ƙasarmu rana tana hawa kusan tsakar ka da tsakar rana, hasken yana saukowa ne daga sama kai tsaye. Ginin Larabanga kuwa duk kyansa tudu da kwari ne: ginshiƙi ya kumburo, bango ya lotsa, sanda ta leƙo, ga sawun tafin hannun magina a jikin yaɓe. Ido ba ya ganin tudu da kwari sai da inuwa, inuwa mai kyau kuma ba ta samuwa sai haske ya zo ta gefe. Da hantsi, daga fitowar rana zuwa kamar ƙarfe takwas, bangon alƙibla da hasumiyarsa suna shan rana ta gabas, kowace sanda tana jan doguwar inuwarta a jikin fari kamar an ja layi da tawada. Bayan la'asar kuma ɓangaren yamma ne yake samun nasa rabo, hasken ya yi laushi, farar ƙasa ta ɗauki ɗan ruwan zuma da kanta ba sai an ƙara mata komai ba. Da tsakar rana duk wannan babu, sai allo fari.

Wannan lokacin ne kuma ya ɓata fuskar abokin. Idon ɗan Adam yana iya kallon farin bango cikin rana da baƙar fuska cikin inuwa a lokaci guda, ya ga duka biyun. Kyamara ba ta kai nan ba. Auna hasken take yi ta nemi tsaka-tsaki, idan tazarar ta yi yawa sai ɗaya ya tafi: ko bango ya ƙone ya zama fari babu zane, ko fuska ta nutse. A hoton nan duka biyun sun samu rauni. Dabarar ba ta da wuya. Ka taɓa farin bangon da yatsa a fuskar wayar, za ka ga ɗan hoton rana ya fito a gefe, ka ja shi ƙasa kaɗan har sawun yaɓe ya bayyana. Fuskar da ta ɗan yi duhu ana iya haskaka ta daga baya, amma farin da ya ƙone ya tafi ke nan, babu abin da zai dawo da shi. Idan kuwa da safe ne, mutum ya fuskanci rana ta gefe, sai ka ga ba ka ma bukatar wannan wahala.

Sa'an nan ga hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan cika sama da ƙura, sama ta yi fari, farin masallaci a kan farar sama kuwa kamar nono ne a cikin farar ƙwarya. Wanda yake da zaɓi ya je bayan ɗaukewar ruwa, wajen ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, lokacin sama tana shuɗi, kuka ma ba ta gama zubar da ganye ba. Wanda hutunsa bai ba shi sai lokacin hunturu ba, to, ya rage sama a cikin hoton, ya nemi abu mai duhu ya sa a bayan hasumiya, ko da rassan kukar ne. Kuma ya goge gilashin kyamara da gefen riga kafin ya danna. Wannan ƙaramar magana ce, amma rabin hotunan hunturu da muke gani dishi-dishi ba laifin sama ba ne, ƙurar aljihu ce.

Batun hasumiya mai kwanciya, shi ma yana da dalili. Yaron ya tsaya kusa ƙwarai, ginin bai shiga ba, sai ya ɗaga kan wayar sama. Duk lokacin da aka karkata kyamara sama, layukan da suke tsaye sai su riƙa tsukewa suna haɗuwa can bisa. Hasumiyar Larabanga da ma can tsukakkiya ce a kai, da aka ƙara mata wannan sai ta zama kamar tana faɗuwa. Maganin yana ƙafa: ka ja baya taku goma ko goma sha biyar, ka riƙe wayar a tsaye sak daidai ƙirji. Idan wayarka tana da alamar 2x, yi amfani da ita daga nesa, ka guji 0.5 ɗin nan da samari suke so, domin ita ce take lanƙwasa gefen hoto. Ja da bayan nan zai kuma warware maganar kuka, wadda a ganinmu ita ce yanke shawara mafi muhimmanci a wurin. Ko dai ka shigo da ita gaba ɗaya, ko ka fitar da ita gaba ɗaya. Mu dai muna tare da masu shigo da ita. Ga mutanen garin kukar nan ba itacen inuwa ba ce kawai, kabarin wanda ya kafa masallacin ne, wanda ya yanke ta rabi ya yanke rabin labari. Tayar babur kuwa ba ta bukatar dogon bayani: kafin ka danna, zagaya da idonka kusurwa huɗu na hoton, abin da ba ka gayyata ba ka matsa ka bar shi.

A kan launin da ya ƙara ne muka ɗan yi gardama. Ya ce, "Malam, ai kowa haka yake yi, in ba a ƙara ba hoton ba ya jan ido." Muka ce gaskiya ne yana jan ido, amma ya tuna da maganar siminti. Wanda ya shafa wa bangon siminti shi ma gyara ya nufa. Idan hoton biki ne, ka yi masa kwalliyar da kake so. Hoton wurin tarihi kuwa wata rana wani zai dube shi yana neman ya san yadda bangon yake a shekarar da ka je, ina ya tsage, ina aka sake yaɓe, wane launi ƙasar take da shi. Idan ka rina shi ka ɓata shaidarka. A ɗan ƙara haske ko a daidaita karkata babu laifi. A mai da ƙasar Gwanja manja, wannan kam ba mu goyi baya ba. Bai gamsu duka ba, mu ma ba mu matsa ba, domin hoton nasa ne, kuma mai gyara ba ya ƙwace alƙalami daga hannun mai rubutu. Abin da muka roƙe shi kawai shi ne ya ajiye na asali kada ya goge, kuma in zai tura wa wani ta WhatsApp ya tura shi a matsayin fayil, domin turawar yau da kullum tana matse hoto ta rage masa kaifi.

Ga masu cewa "ya yi kyau" ga duk abin da aka nuna musu, muna da 'yar magana. Mun san kunya ce da gudun ɓacin rai, kuma a al'adarmu ba a kushe abin mutum a gaban idonsa. Amma yaron nan ya biya kuɗin mota, ya yi tafiyar yini guda, ya dawo yana jin akwai abin da ya kuɓuce masa, mutum goma sun gani ba wanda ya taimake shi da kalma ɗaya. Yabon da ba ya nuna wurin da ya yi kyau, da kushen da ba ya nuna yadda za a gyara, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. In ba ka san komai game da kyamara ba, kana iya tambaya: me ka so ka nuna mana a nan? Sau da yawa mai hoton yana cikin ba da amsa zai gano da kansa abin da ya ɓace.

Saura ladabi, wanda ya fi duk abin da muka faɗa. Masallacin Larabanga ba kufai ba ne, ana salla a cikinsa har gobe. Ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shiga ciki, Musulmi ma da ya shiga ya tuna ɗakin Allah ya shiga, ba ɗakin hoto ba. Baƙo ya yi sallama, ya nemi masu kula da wurin, ya ba da abin da aka tsara na ziyara. Kada ka ɗauki dattijo yana alwala ko mace tana shiga ƙofarta ba tare da izini ba, yara ƙanana kuma a tambayi manyansu. Kada a jingina da bango ko a rataya a sandunan nan don a yi hoto, farar ƙasa tana kankaruwa, sandunan kuma aikinsu daban ne. In an ba ka izini ka ɗauki mutum, nuna masa hoton a wayar kafin ka tafi. Haka nan a wurin dutsen nan na bakin gari, wanda ake ba da labarin cewa masu aikin hanya sun kawar da shi ya dawo wurinsa har suka haƙura suka karkatar da hanyar, mutane suna zuwa addu'a a can, a bar su su gama.

Kuma don Allah a riƙa rubuta bayani. Waya tana ajiye kwanan wata, amma ba ta san wane ɓangare na ginin ka ɗauka ba, ba ta san ko kafin yaɓe ne ko bayansa ba. Layi biyu sun isa: Larabanga, bangon alƙibla, da hantsi, wata kaza, shekara kaza.

Wanda yake son hantsin nan da muke ta yabo, dole ya kwana kusa, ko a masaukan baƙi na cikin garin, ko a Mole, ko a Damongo ya yi sammako. Masu zuwa kallon giwaye sukan fita daji da sassafe, don haka sai a raba kwana biyu, safiya ɗaya ta giwa, ɗaya ta masallaci, ko kuwa a bar wa masallaci bayan la'asar. Hoton da mu muke marmarin gani kuwa shi ne na ranar gyara, magina a kan sandunan nan, ƙasa a kwaɓe, masu miƙo ruwa suna kai da kawowa. Wanda Allah ya sa tafiyarsa ta dace da wannan rana, ya nemi izini, ya ja baya taku goma sha biyar, ya shigo da kukar gaba ɗaya, ya aiko mana mu gani.